Ashana da Wake a Kan Faifai

Daren Laraba, Yunin 1999, Gyaɗi-Gyaɗi

Gobe mijina Malam zai kare bincikensa a jami'a, shi kuwa da ya tsorata sai in'ina ta kama shi. Na kife littafin soyayyata, na ce, "Malam, gwada a kaina."

Ya ɗora faifaina uku, wai haka wasu mahaɗan ƙarfe da oksijin suke, hawa-hawa. A na sama ya jera ashana, wannan kai gabas, wancan kai yamma, su ne ƙananan maganaɗisu. Wake a tsakaninsu shi ne cajin lantarki. In sanyi ya tsananta su yi sahu, zafi ya watsa su.

Har ya gama harshensa bai sarƙe ba.

Na kasa rushe jerin. Ashanar girki ma wurin maƙwabciyata Maman Rifkatu na aro.