Jar Hular Eilif

Mama,

Na jira ki har ƙarfe goma, layin sayen kifi bai sake ki ba, dole na fita.

An kama Eilif da safen nan a bakin tashar Trondheim, sojan Jamus biyu da ɗan sanda. A kan jar hular da kika saƙa masa ne. Ashe tun jiya aka hana sa jar hula, wai alamar masu bin Sarkinmu da ke gudun hijira ce. Mu ba mu ga jarida ba. Matar mai burodi na wurin. Ta ce da ya ce musu, "Uwata ce ta saƙa, sanyi nake ji," sai ɗayan ya fizge ta ya tattake.

Na tafi ofishinsu da takardunsa. In ban dawo ƙarfe biyu ba, ki ɗauko jikarki Ragna daga makaranta. Kada ki ce mata komai game da babanta.

Ki yafe mini, Mama. Na san rigar sanyin marigayi Baba kika warware kika saƙa mana jajayen hulunan nan, amma ukun da ke kwando na jefa su murhu.

Saura ɗaya, tana kanki. Ki cire kafin ki matsa kusa da taga.

Borghild