Dikodar da Ta Kulle Hajiya

Daren Talata, watan Safar.

Shekara da shekaru ina faɗa, abin da ka saya naka ne. Rediyona bai taɓa neman haya ba. Amma dikodar talabijin da ɗana Sani ya kawo, wai sai an ciyar da ita duk wata kamar jaki. A cikinta muka naɗi matata, marigayiya Hajiya, ranar da talabijin ta nuno alhazai a Arfa, tana gyara mayafi. Na ƙi biya, 'yan kamfanin suka kulle ta.

Yau na taka daga unguwar Limawa har kasuwa neman wadda ba ta cin kuɗin wata. Mai shago ya ce, "Akwai, Baba, amma Hajiya ba za ta dawo cikinta ba."

Gwiwoyina sun gaji. Wani ya fito ya amsa min: matar nan tawa ce ko tasu?