Ruwan Hoda Ba Ya Kashe Wuta

Ni Harmen Postma, daga gadon asibiti nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Huhuna ne ya gaji, kaina lafiya lau. Likita ya ce in kintsa al'amurana, ya faɗa yana kallon takalminsa, na kuwa gane. Zuwa gare ku Douwe da Renske, 'ya'yana biyu, da yanzu ba kwa ga maciji da juna.

Na ɗaya. Ba a bina bashi, ba na bin kowa. Kada ku ƙona gawata yadda mutane suka koma yi. Na ƙare rayuwata ina hana wuta cin abin da ba nata ba, ba zan miƙa mata kaina a ƙarshe ba. Ku binne ni a bayan coci, a ba mutane kofi da kek, fasto kuma ya taƙaita.

Na biyu. Masana'antarmu ta allunan soso, waɗanda ake jerawa cikin bango don tare sanyi, taku ce ku biyu, rabi da rabi. Douwe ya riƙe ciniki, Renske ta riƙe injuna da haɗin sinadari, kamar yadda kuke yi. Sharaɗi ɗaya ne, shi ne na uku, kuma lauya ya san da shi.

Na uku. Allunan nan da ke sito, na sabon gidan tsofaffi da ake ginawa a bakin ruwa, kada ko ɗaya ya hau mota ranar Litinin.

Kun san al'adar gidanmu. Duk zubin da aka yi, sai an yanko gutsure an kai tsakar fili, an kafa masa wutar walda. In ya yi baƙi ya ƙanƙance, aka janye wuta ya mutu da kansa, sai a yi lodi. Ina saurayi na ga ɗakin shanun maƙwabcinmu yana ci da wuta. Soson rufin yana narkewa yana ɗiga a bayan dabbobi kamar tafasasshen mai, hayaƙi ya kashe su tun wutar ba ta iso ba. Har yau ban manta kukansu ba. Daga nan al'adar ta samo asali.

To, wannan zubin an gwada shi ya faɗi. Mun sauya mai kawo mana maganin hana kama wuta, Renske ta yanko gutsure ta ƙona, ya kama bal-bal, ta janye wuta ya ci gaba da ci. Ta kawo min ragowar nan asibiti a gwangwanin biskit. Kai kuma Douwe ka biyo bayanta ka ce, “Haba Baba, ka dubi launinsa mana, ruwan hoda ne sak. Ga takardar gwaji da hatimi. Sai mu bar mutane su rasa aiki saboda uwar 'yan ƙone-ƙone ta yi wasa da ashana?” Ita kuma ta ce maka, “Yaya, kai ko takarda aka ce ka kwana a ciki sai ka kwana.” Ma'aikaciyar jinya ce ta kore ku.

Douwe, ka saurare ni. A sana'armu kowa ya saba, allo mai ruwan hoda shi ne mai jure wuta, rawaya na gama-gari. Magini yana hango launi daga nesa ya ce a sauke. Amma launin nan mu muke zuba shi da hannunmu, rini ne kawai, don kada a rikita kaya. Takardar da kake kaɗawa kuwa an ba mu ita ne kan samfurin da aka yi da tsohon magani. Gaskiya ta faɗa, sai dai ba kan waɗannan allunan take magana ba. Idan suka shiga bango aka shafe da filasta, ba mai sake ganinsu sai ranar da ba a fata.

Ban ce kai mugu ba ne. Na san ɗan kwangila ya rantse zai soke aikin in aka yi jinkiri, na san fuskokin ma'aikata kake gani in ka rufe ido. Tsoro ne ya kama ka, ni ma ya kama ni. Amma kwangila in ta tafi wata tana zuwa.

Na huɗu. Renske, gaskiyarki ce, amma bakinki ya yi kaifi. Kin ce wa yayanki mai kisan kai a gaban ma'aikata. Ki je ki ba shi haƙuri a gaban su ɗin. Sannan ku fita fili ku biyu, shi ya zaɓi allon da ya ga dama, daga tsakiya tunda ya ce na gefe kika yanka, shi ya riƙe wutar da hannunsa. Ku aika wani allon ɗakin gwaji. In ya tsallake duka biyun, ku yi lodi da albarkata. In ya faɗi, a sake zubi. Wanda ya sa mota ta fita kafin haka, rabonsa ya koma ga ɗan'uwansa.

Na biyar. Gidanmu na zama. Mahaifiyarku Aukje ba za ta iya zama a cikinsa ita kaɗai ba, keken guragu ba ya hawa matakala. Ku sayar in ta amince. Ta riga ta zaɓi inda za ta koma, ban kuma hana ta ba, don ba ta san komai game da rigimarku ba. Ta kama ɗaki a gidan tsofaffin nan na bakin ruwa, hawa na sama tunda akwai na'urar hawa bene, wai don ta riƙa kallon jiragen ruwa. Na ce mata ko za ki duba wani wurin. Ta yi dariya ta ce, “Kai tsoho, ina zan fi samun barci? 'Ya'yana ne fa suka yi bangon.”

Na juya fuskata. Ku za ku amsa mata.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya tsakaninku, ya raya min jikokina. Ku riƙa cin abincin Lahadi a teburi ɗaya ko ba kwa magana da juna, bakin zai buɗe da kansa. Ku riƙe mahaifiyarku. Ranar da za ku kai ta ɗakin nan, ku tura kekenta ku biyu, kuma ku iya kallon idonta sa'ad da za ku ce mata ta kwana lafiya.

Mahaifinku,
Harmen Postma