Injin Kwale-kwalen Baba

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Alhamdulillahi. Baba ya fito da ransa, sauran duk mai sauƙi ne.

Injin kwale-kwalensa ya mutu masa da hantsi a tsakiyar dam. Maimakon ya jira masunta su jawo shi, sai dattijon nan ya ɗauki filafili ya tuƙo kansa har gaɓa. Mutumin da likita ya hana ko ɗaga bokiti tun da hawan jini ya kayar da shi bara! Na same shi kwance a zaure yana haki, Inna tana masa fifita tana faɗa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, “Bashari, kai da ake cewa bakanike ne, ga inji can. In Asabar ta yi bai tashi ba, filafilina yana nan.”

Kuma na san Baba. Zai aikata.

Talata, 6 ga Agusta

Na ɗauro injin a bayan babur na kawo shago nan Gwarzo. Inji ai inji ne, shekara goma sha shida ina kwance babura ina ɗaurawa. Mai yana zuwa, na wanke kafireta, na sa sabon fulogi, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Shiru. Ba wuta ko ƙyas. Na cire wayar makashi ko ita ce ta haɗe da jiki, nan ma shiru. To saura ɗan baƙin akwatin da ke raba wuta, wanda muke ce wa sidiyai. Na aika direba Kano ya taho da sabo.

Matata Adawiyya ta ce in je Kabo wurin Malam Ƙasim, wai ya yi shekaru yana gyaran injin jirgi a Baga. Na ce mata ta kula da tukunyarta. Sai ta yi wannan murmushin nata mai ban haushi.

Laraba, 7 ga Agusta

Direba bai samo ba. Inna ta ɓoye filafili a bayan rumbu, Baba ya gano.

Alhamis, 8 ga Agusta

Kaico! Da hannuna na kashe shi.

Akwati ya zo, na ɗaura. Sai na yi abin da nake wa kowane babur: na zare hular fulogi, na riƙe wayar nesa da jikin inji, na sa maƙwabcina ya ja igiya don in ga tsallen wuta. Ta ba da shuɗiya tas, har na yi kabbara. Na ce ya ƙara, ina ƙara nisanta wayar don jama'a su gani. Ja na biyar, ɗif. Na yi ta ja har la'asar, babu.

Na ji kunya, na ji tsoro. Jibi Asabar.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na tafi Kabo da sassafe. Ban gaya wa Adawiyya inda za ni ba, amma ta ga inji a bayan babur, ta ce in gaishe da Malam.

Tsoho ne ɗan firit, ido ɗaya ya yi fari. Sai da muka gaisa har da tambayar damina da lafiyar Baba sannan ya dubi injin. Na zayyana masa komai, ban da abin da na yi jiya. Ya shinshina akwatin, ya ɗago ya ce, “Ɗana, ka gwada wuta waya tana lilo a iska, ko?” Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har da tari. Ya ce duk mai gyaran babur da ya taɓa kawo masa inji haka ya yi. Wai wutar wannan in ba ta sami hanyar fita ba, gida take komawa ta ci mai gidan. Sai an sa fulogi a hularsa an jingina da jikin inji kafin a ja.

Sannan ya nuna mini kwayil, naɗin wayar da ke tura wuta ga fulogi. Ashe ya tsage a ƙasa, tsaga kamar silin gashi, ruwa yana shiga. Shi ya kashe akwatin farko. Ni kuwa ko juya shi ban yi ba.

Yana da wani mataccen inji irinsa a ƙarƙashin gado. Muka ciro kwayil da akwati, na ɗaura yana tsaye a kaina. Da na zo murɗe waya da haƙori in naɗe da leda ya buge mini hannu. Ya sa na yi mata dalma, na rufe, na shafe kowace mahaɗa da giris. Muka tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa, don ya ce ba a tayar da shi a bushe. Ja biyu ya kama! Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, na ce hayaƙi ne.

Zan tafi ya ce, “Saura ɗaya. A Baga wanda ya gyara shi ke fara hawa. Duro ba dam ba ne.”

Rabona da shiga kwale-kwale tun ina ɗan shekara goma sha uku, ranar da ya kife da ni na sha ruwa har aka danna cikina. Shi ya sa na gudu gareji. Ɗan masunci mai tsoron ruwa, duk garinmu Kutama an san zancen.

Asabar, 10 ga Agusta

Na shiga. Na riƙe gefen katako har farcena ya yi fari, ina ta karanto duk addu'ar da na sani. Baba bai tsokane ni ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Inji kuwa lafiya lau, ko tari bai yi ba.

A wurin ragarsa ya kashe, muka ɗebi karfasa da tarwaɗa biyu manya. Da za mu juyo ya kama igiya ya ja. Ba ta zo ko rabi ba. Ya sake ja. Ya sake. Ya zauna yana kallon ruwa, can ya ce a hankali, “Ja mana, Bashari.”

Ja ɗaya na yi. Inji ya tashi, muka nufi gaɓa.

Ina ta tunani tun ɗazu. Da yau shi kaɗai ne, da inji sabo fil a bayansa, filafilin nan dai zai ɗauka.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na kai wa Malam Ƙasim tarwaɗa ɗaya. Adawiyya ta soya ɗayar, ta kuma ce “na gaya maka” sau uku. Na ƙyale ta, ta ci wannan.

Laraba, 14 ga Agusta

Na gaya wa masu babura cewa Talata da Asabar ba ni buɗe shago sai azahar. Suka ce me ya faru, na ce sabon kwayil yana son a riƙa sauraronsa na ɗan lokaci. Ai gaskiya ne, yana so.

Jiya ma mun fita. Ni na ja igiya, shi ya riƙe tuƙi. Har yanzu ba na son in dubi ƙasan ruwan, amma na saki katako na taya shi jan raga, ya ce ina ja kamar mai kwance taya. Inna ta tare ni a soro za ta yi godiya, na ce mata ni inji nake bi, ba kowa ba.

Da zan hau babur Baba ya leƙo ya ce, “Asabar kar ka makara.” Na ce to.