Inda Hoton Inna Ya Yanke

Jidda, 9 ga Safar

Ƙanena Sunusi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Mansura da yara da dukan dangi a Argungu. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa. Tunda takarduna na zama suka ƙare ba ni fita, ka san abin da ya hana ni zuwa jinyarta ke nan.

Bidiyon da ka ɗauka da 'yar kyamarar nan ya iso, Allah ya saka da alheri. Ɗakin da duhu, fuskar Inna ba ta fito ba, kuma injin casar shinkafar maƙwabta ya danne muryarta. Amma na ji ta ce, "Ku hwaɗa ma Ummu Hani, tahiyar da ta yi ba da yardata ba..." Nan ya yanke. Ka ce katin kyamarar ne ya cika. Ban ga laifinka ba.

Sunusi, kai kana wurin. Ta yafe mini? Don Allah rubuto yadda ta ƙarasa, kada ka gyara don tausayina. So nake in san abin da zan roƙi Allah.

Yayarka,
Ummu Hani