Farin layin da ke hoton yamma

Azumi ashirin da tara, bayan Isha'i

Yau mun hau dutsen bayan gari duban wata, ni da Kawu Sani da mutum huɗu na masallacinmu. A can muka sha ruwa. Na ɗauki hoton yamma da wayata sau goma sha bakwai, har jan sama ya ɓace.

A hoto na shida Kawu ya hango wani farin layi siriri, a lanƙwashe, bisa kan dutse. Ya ce, "To, ɗan boko ya kamo muna wata." Babu wanda ya gan shi da ido, amma aka ce mu tafi wurin mai gari in ba da shaida.

A hanya na duba sauran hotunan. Layin yana wuri guda a cikinsu duka, har wanda na karkata kudu. A zauren mai gari na ɗauki hoton bango ƙarƙashin fitila, sai ga shi nan ma. Gilashin kyamarar ne ya karce.

Na faɗa a gaban kowa. Kawu ya ce, "Shekara huɗu a jami'a, ka dawo ka ɗauke muna Sallah." An yi dariya, ban da shi. Da za mu dawo, bai jira ni ba.

Inna ta ajiye mini tuwon sahur. Rediyo bai ce komai ba tukuna. In wani gari sun gani, sun gani. Ni dai ban gani ba.