Likita ya tambaye ni, na ce babu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Roni, ni kaɗai na gama sakandare a ɗakinmu, shi ya sa duk takardar da ta shigo gida ni ake miƙa wa. Innata tana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da jini ya daskare mata a ƙafa bara, ga ciwon gwiwa da ya sa take sallah a zaune. Kawu, yayanta da ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ya dawo daga Umara da tsarabar dabino da zamzam da wata ƙatuwar kwalba, an rubuta glucosamine. Ya ce ke 'yar boko karanta mana. Na ga hoton gwiwa, na ga an ce ƙarin abinci ne ba magani ba, na ce ba komai ta sha. Ƙananan rubutun baya ko kallo ban yi ba. Abin da ya fito daga Makka a hannun Kawu, wa ya isa ya ce a tsaya bincike?

Bayan sati uku dasashinta ya fara jini in tana asuwaki, baƙaƙen tabbai suka fito mata a hannu, muka ce zafi ne. Ranar Talata haɓo ya ɓalle mata wajen alwala ya ƙi tsayawa, zani biyu ya jiƙa kafin mu isa asibiti a Kazaure. Likita ya auna ya ce jinin ya tsinke fiye da kima, ya juyo gare ni ya ce akwai wani abu da take sha, ko da na gargajiya ne? Kawu yana tsaye a gefena da carbi. Na ce babu. A kan wannan babu ɗin likita ya rage mata warfarin.

Da na koma gida ɗauko mata kaya na juya kwalbar, ga shi a rubuce, mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita tukuna. Na duba a waya, an ce yana iya ƙara wa warfarin ƙarfi.

Na gaya wa Yaya, babban wana, ya ce in rufe bakina, so nake a ce Kawu ya kawo wa ƙanwarsa guba daga ƙasa mai tsarki, in ma laifi ne ai nawa ne da na karanta. Yayan da ko sau ɗaya bai taɓa raka Inna asibiti ba. Ita kuma Inna kuka ta sa min, wai kar in raba ta da ɗan uwanta, wai sai da ta fara sha ta iya sujada, in ajiye mata kwalbarta.

Jibi za a sallame ta. In ta ci gaba da sha ina tsoron jinin ya dawo, in na ɓoye kwalbar kuma an riga an rage maganin a kan ƙaryata, ina tsoron ya sake daskarewa. Kawu kuma yini yake a bakin gadonta, duk sanda likita ya shigo yana nan. Ya zan yi, in faɗa a gabansa a ce na tozarta wanda ya raine ni, ko akwai hanyar da zan ga likitan ni kaɗai kafin jibi?